Yadda Ake Ƙiyasta Farashin Kayan Gyara Idan Sojoji Za A Kai Wa

Duk wanda ya taɓa riƙe takardar buƙatar kayan gyara daga wata rundunar soja ya san kamanninta: layi hamsin ko ɗari, kowane layi da sunan kaya da adadinsa, sai wani gurbi a hannun dama da aka bari fayau don ka rubuta farashi. Wannan ɗan gurbin ya karya jarin 'yan kwangila da dama a garin nan, ya kuma sa jami'ai da yawa zufa a gaban masu binciken kuɗi. Na shafe shekaru ina cike shi wa wani kamfanin kai kaya, ƙafa ɗaya a ofis ɗaya a kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa a Kano, kuma abin da zan zayyana a nan shi ne yadda nake yi. Zai yi wa mai neman kwangila amfani, haka ma jami'in da aka ce ya fitar da ƙiyasin cikin gida kafin a kira 'yan kasuwa, domin lissafin iri ɗaya ne, kujerar zama ce kawai ta bambanta.

Mu fara da sanin iyakarmu. Abin da ya fi faɗowa hannun ɗan kwangilar Kano, ko daga Barikin Bukavu inda hedikwatar Birged ta 3 take, ko Janguza, ko sansanin sojin sama, kayan mota ne da na janareta: filta, birki, kuloci, boris, shokazoba, batir, taya, famfon mai. Kayan jirgin yaƙi da na tankar yaƙi a Abuja ake maganarsu, sau da yawa ma tsakanin gwamnati da gwamnati, kamar yadda aka sayo jiragen Super Tucano 12 daga Amurka, waɗanda suka iso a 2021. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP mai sa ido kan kwangilolin gwamnati, ta keɓe kayan tsaro na musamman a sashe na 15, ta ce ba za ta hau kansu ba sai da amincewar shugaban ƙasa. Wasu sukan fake da wannan su ce ai kayan soja ba a bincikarsu. Ni dai shawarata, filtar Hilux ba makami ba ce. Yi lissafinka tamkar gobe odita zai zauna da kai a kan kowane layi.

Mataki na farko: ka san ainihin abin da ake nema

Rabin kuskuren farashi a nan ake yin sa, tun kafin a taɓa kalkuleta. Takarda za ta ce "kulocin Hilux, guda 50". Wace Hilux? Akwai mai injin fetur 2TR, akwai mai dizal 2KD, akwai sabon zubin da ya fara fita a 2015 mai injin 1GD ko 2GD. Haka Land Cruiser ɗin nan mai buɗaɗɗen baya da sojoji suke yawan hawa: wata 1HZ ce mai dizal, wata 1GR mai fetur. A ido duk ɗaya suke, a ƙarƙashin bonet kuwa kowa da gidansa.

Na koyi wannan da kuɗina. Akwai shekarar da muka kai kuloci katan-katan wani sito, mun yi murna mun gama, sai bakaniken wurin ya zaro faranti ɗaya, ya juya shi, ya ɗora a kan tsohon da ya cire daga mota. Bai yi daidai ba. Ya dube ni ya ce, "Malam, wannan na mai fetur ne, namu duk dizal ne." Laifin nawa ne, domin ban tambaya ba. Wata uku kayan suna jibge a shagon wani abokin maigidana kafin mu rabu da su da faɗuwa.

Saboda haka kafin ka sa farashi a kowane layi, nemi abu uku. Na farko lambar shasi ta motar, mai haruffa da lambobi 17, ko lambar injin idan janareta ne. Na biyu lambar kayan kanta. Ta Toyota guda goma ce a rabe biyar-biyar, kuma biyar ɗin farko suna gaya maka irin kayan: 04465 birkin gaba ne, 17801 filtar iska. Na uku, idan da hali, tsohon kayan da aka cire, ko hotonsa da tef ɗin awo a gefe. Ka kuma lura kamfanoni sukan yi ritayar tsohuwar lamba su maye ta da sabuwa, don haka idan dila ya ce lambarka ba ta cikin kwamfuta, ce masa ya duba wadda ta gaje ta.

Wani lokaci za ka ga lamba mai alƙaluma 13 a takardar, musamman ga kayan da aka sayo daga Turai ko Amurka. Lambar kayan NATO ce. Huɗun farko rukunin kaya ne, biyu na biye ƙasar da ta yi masa rajista (00 da 01 Amurka, 99 Ingila, 12 Jamus, 14 Faransa), sauran bakwai kuma na kayan ne shi kaɗai. Amfaninta gare ka shi ne tana kai ka ga lambar kamfanin da ya ƙera, kuma sau da yawa za ka tarar boris ne ko belti da ake sayarwa a kasuwar farar hula.

Sai ma'auni. "Guda" nawa ne a "seti"? Birkin gaba seti ɗaya guda huɗu ne, na ƙafa biyu. Idan ka sa farashin seti alhali mai sito yana ƙirga guda, ko akasin haka, lissafinka ya kauce da ninki huɗu ba tare da kowa ya yi ƙarya ba.

Abu ɗaya da ya bambanta wannan aiki da kai kaya kamfani: takardar da ke hannunka tana nuna motoci nawa runduna take da su da waɗanda suka lalace. Kada ka ɗauki hotonta ka watsa a WhatsApp don neman farashi. Kwafe lambobin kayan kawai a wata takarda, ba sunan runduna, ba hatimi.

Mataki na biyu: wane daraja?

Ka shiga Ƙofar Ruwa ka ce kana son filtar mai ta Hilux, mai shago zai tambaye ka, "Wanne za a kawo, Alhaji?" Idan ka yi shiru zai aiki yaro ya ɗauko kwali uku ya jera maka a kan kanta. Ɗaya orijina a kwalin Toyota. Ɗaya na kamfanin da ke yi wa Toyota aiki amma a nasa kwalin, kamar Denso ko Aisin, wanda ingancinsa gangariya ne, kuɗinsa kuma ya fi sauƙi. Na ukun kwalinsa ya fi na orijinan sheƙi, amma ka ɗaga shi za ka ji ba nauyi, ka leƙa ciki ka ga takardar tacewar 'yar kaɗan. Bayan waɗannan akwai ɗan Beljiyam, wato wanda aka ciro daga motar da ta yi aiki a waje.

Farashi huɗu ke nan ga suna ɗaya. Idan takardar buƙata ba ta faɗi wanda ake so ba, rubuta ka tambaya, a ba ka amsa a rubuce. Idan kai ne jami'in da ke haɗa ƙiyasi, rubuta darajar a kowane layi, in ba haka ba mai jabu ne zai ci kwangilar kullum, tunda shi ne zai fi kowa araha. Araha kuwa ba ta ado, balle a motar da za ta shiga daji da mutum goma a baya. Birki, sitiyari, taya da duk abin da ya shafi famfon dizal, ni ba na sa musu farashin komai sai na orijina ko na kamfanin asali. Madubi, fitila ko robar ƙofa, ana iya sassautawa idan masu kayan sun yarda.

Taya da batir suna da wata matsalar ta daban: suna tsufa a ajiye. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT. Idan ka ga 2324, an yi ta a mako na 23 na 2024. Tayar da ta shekara huɗu a sito cikin zafin Kano za a sallama maka ita da rahusa, kuma mai duba kaya da ya san aikinsa zai dawo maka da ita.

Mataki na uku: ware manya daga ƙanana

Kada ka ɓata mako guda kana neman farashin washa da noti. Yi ƙiyasin sama-sama na kowane layi, ka ninka da adadi, ka jera daga mai tsada zuwa mai araha. Kusan kullum za ka ga layi goma ko goma sha biyar ne suka cinye mafi yawan kuɗin. Waɗannan su za ka bi har tushe. Sauran, farashin kasuwa daga shago biyu ya wadatar.

Mataki na huɗu: tattara farashi, kuma ka san wanda ya ba ka

Ana cewa a kawo takardar farashi uku, kuma kowa ya san yadda ake cika wannan sharaɗi: mutum ɗaya, kamfani uku, hatimi uku. Wannan cika fayil ne. Uku na gaskiya su ne waɗanda ba su san juna ba. Ni nakan ɗauki ɗaya daga dila mai wakiltar kamfanin, ɗaya daga babban ɗan sari a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, ɗaya kuma daga wajen Kano, wato Ladipo a Legas ko kasuwar Nkwo ta Nnewi. Ga manyan layuka nakan ƙara na huɗu daga Dubai ko Guangzhou, domin can ne 'yan sarin namu suke ɗaukowa.

In za ka shiga kasuwa, kada ka je da ɗan rakiya mai kaki, kada kuma ka ce na gwamnati ne. Da zarar an ji haka farashi ya tashi, ba don mugunta kawai ba, har da sanin cewa kuɗin gwamnati ba ya fita da wuri. Ka kuma kiyayi 'yan kayi-nayi da ke tare mutum a bakin layi. Za su kai ka shagon da kake nema, amma la'adarsu tana cikin farashin da za a faɗa maka. Tambayi farashin guda ɗaya tukuna, sannan na katan, sannan na adadin da kake so. Tambaya ta ƙarshe ita ce mafi muhimmanci: "Akwai su a ƙasa yanzu, ko sai an yi oda?" Mai shago zai iya ba ka farashi mai daɗi a kan guda biyar da yake da su, alhali kai ɗari biyu kake nema, sauran kuma sai kwantena ta gaba, a canjin da ba wanda ya san shi.

Idan farashin sun taru, kada ka haɗa su ka raba. A ce ka samu N48,000 da N52,000 da N21,000. Matsakaicinsu zai ba ka kusan N40,000, kuɗin da ba zai sayi orijina ba, ya kuma fi ƙarfin jabu. Na N21,000 ɗin nan wani kaya ne daban, cire shi ka binciki dalili. Haka idan ɗaya ya yi sama fiye da kima.

A kowace takarda rubuta ranar da aka ba ka, da canjin dala na ranar, da kwanakin da mai kayan ya yarda farashin zai tsaya.

Mataki na biyar: tsohon farashi, da tarkon da ke cikinsa

Kowane sito yana da tarihin abin da ya saya, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauko farashin bara a ƙara masa wani kaso. Da can wannan yana aiki. Tun daga watan Yunin 2023, da Babban Banki ya haɗe kasuwannin canji, ya daina. Dala ta tashi daga wajen N460 a farashin gwamnati ta haura N1,500 a farkon 2024. Kayan gyara kuwa kusan duk daga waje suke zuwa, don haka dala suke bi, ba alƙaluman hauhawar farashin shinkafa da masara ba.

Hanyar da ta fi ita ce ka mayar da tsohon farashin zuwa dala a canjin wancan lokaci, sannan ka dawo da shi naira a canjin yau. Amma a nan tarkon yake: wane canji? Ɗauki kayan da aka saya N46,000 a farkon 2023. Idan ka raba da N460 na banki, dala 100 ke nan, a canjin N1,500 kuma ya zama N150,000. To amma ɗan kasuwar Ƙofar Ruwa bai taɓa ganin dalar N460 ba. A wurin 'yan canjin Wapa ya sayi tasa, a wajen N750. Da wannan canjin kayan dala 61 ne da 'yan kai, a canjin N1,500 kuma kimanin N92,000. Dubi tazarar: N150,000 da N92,000, daga takarda ɗaya. Na ga ƙiyasin da aka kumbura ta wannan hanya ba tare da mai yin sa ya san ya kumbura ba, na kuma ga wanda ya sani sarai. Ga duk farashin da ya girmi Yunin 2023, tambayi kanka inda mai kawo kayan ya samo dalarsa.

Sannan tsohon farashi ba hujja ba ne cewa daidai yake. Idan an yi cuwa-cuwa a bara, kai kuma ka ɗora kaso 20 a kai, ka ba cuwa-cuwar takardar zama ke nan. Duba kuma adadin da aka saya a lokacin, domin farashin guda 10 ba ya zama ma'aunin guda 500.

Mataki na shida: gina farashin daga tushe har ƙofar sito

Wannan shi ne zuciyar aikin ga duk kayan da za a yi odarsu daga waje. Bari mu yi da misali. Alƙaluman na koyarwa ne, kai sai ka sa na ranar da kake lissafi.

A ce seti 50 na kuloci, kowanne dala 120 a Dubai. Dala 6,000 ke nan. Fara da tambayar me ke cikin wannan farashi. Idan an rubuta EXW, a ƙofar shagonsa zai miƙa maka, komai daga nan naka ne. FOB yana nufin har cikin jirgi a tasharsu. CIF kuma har da kuɗin jirgi da inshora zuwa tashar Najeriya. Mutane da yawa sun kwatanta EXW na wani da CIF na wani suka zaɓi wanda ya fi tsada suna murna.

Mu ce jigila da inshora dala 600. Jimla dala 6,600, a canjin N1,500 ya kama N9,900,000. A kan wannan adadi kwastan suke ɗora kuɗin fito, kuma da canjin da ke kwamfutarsu a ranar suke lissafi, ba da wanda ka sayi taka dalar ba. Harajin yana bin jadawalin ECOWAS mai hawa biyar, kaso 0, 5, 10, 20 da 35, gwargwadon lambar rukunin kayan. Mu ɗauka kaso 10 ne: N990,000. A yadda aka saba lissafawa, ana ƙara kaso 7 na shi harajin, N69,300, da rabin kaso ɗaya na ECOWAS a kan kayan da suka fito daga wajen yankin, N49,500. Mun kai N11,008,800. Akwai kuma kason da ake ɗorawa a kan farashin FOB, wanda aka yi ta sauya shi a 'yan shekarun nan, don haka sa ajan ɗinka, mai fito maka da kaya daga kwastan, ya rubuto maka na ranar ka ƙara. VAT na kaso 7.5 a kan jimlar ya kama N825,660. Ajiye shi a layinsa daban, kada ka cusa shi cikin kuɗin kaya sannan ka sake ɗora wani VAT ɗin a kansa a ƙarshe.

Saura ajan da kuɗin tasha, mu ce N400,000, da mota daga Legas zuwa Kano har sito da 'yan dako, N250,000. Ba tare da VAT ba, kayan sun tsaya a N11,658,800, wato kusan N233,000 kowane seti. Wanda ya ninka 120 da 1,500 ya tsaya zai ce N180,000, kuma tun kafin ya fara ya faɗi.

Idan ta sama za a kawo, ta filin jirgin Malam Aminu Kano, ka tuna masu jirgi suna cajin nauyi ko girma, duk wanda ya fi. Ana ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita a raba da 6,000. Kwali mai 40 da 30 da 30 kilo 6 ne a wurinsu, ko da filtar iska ce a ciki da yaro zai ɗaga da hannu ɗaya. Shi ya sa filta da robobi ta ruwa suka fi, injekta da na'urorin lantarki kuma ta sama. Tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Zawaciki a farkon 2023 ita ma hanya ce, ka nemi farashinta ka gwada da na Apapa.

Takardu ma kuɗi ne da lokaci: Form M ta banki, PAAR ta kwastan, SONCAP ta shaidar ingancin kaya ga kayan da ta shafa. Idan kayan na cikin waɗanda ake sa wa ido, irin na mota mai sulke, sai da takardar shaidar mai amfani daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Kada ka sa ranar kawo kaya a takardarka kafin ka san tsawon lokacin da wannan za ta ɗauka, domin kwantena tana zaune a tasha kuɗin ajiya yana hawa kullum.

Mataki na bakwai: kuɗin jira

Wannan layin ne ba a rubutawa, shi ne kuma yake cinye riba. Daga ranar da ka tura dala zuwa ranar da kuɗin gwamnati ya shigo asusunka, jarinka a ɗaure yake. Dokar 2007 ta ce biyan da ya wuce kwana 60 bayan miƙa takardar neman biya ya zama jinkiri, har ta tanadi ƙarin kuɗi a kansa. Amma ka tambayi duk wanda ya yi wannan sana'a sau nawa ya karɓi wannan ƙarin.

A watan Nuwamban 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kaso 27.5, bankunan kasuwa kuma sama da haka suke bayarwa. Da yawanmu a Kano ba ma taɓa bashi mai ruwa, sai mu bi ta murabaha a bankuna irin Jaiz, wato banki ya sayi kayan ya sayar mana da riba, ko mu karɓi kaya bashi a hannun ɗan sari. Duk da haka akwai tsada: bankin yana da ribarsa, ɗan sari kuma farashin bashi daban yake bayarwa da na kuɗi hannu. Ko da kuɗinka ne na kanka, da ka juya su a kasuwa sau biyu ko uku a wannan lokaci.

A misalinmu, abin da ya fita daga aljihu har da VAT N12,484,460 ne. Idan za a yi wata shida kuma tsadar kuɗin kaso 2.5 ce a wata, kaso 15 ke nan, kusan N1,873,000. Haɗa da N11,658,800, ka samu kusan N13,531,000. Ɗora hidimar ofis da riba, mu ce kaso 15, ya kai kusan N15,561,000. Raba da 50: kimanin N311,000 kowane seti, da VAT kuma wajen N334,500. Kayan dala 120 ke nan, kuma kowace naira a ciki kana iya nuna inda ta fito.

Kuɗin kafin alƙalami, wato kason da gwamnati take fara biya kafin a kawo kaya, yana rage wannan nauyi. Doka ta fara da iyakar kaso 15, Dokar Kuɗi ta 2020 ta ɗaga zuwa 30 ga 'yan kwangilar gida, amma sai ka kawo lamunin banki ko na inshora, shi ma da kuɗinsa. Ka kuma tuna ba duka kuɗin za su shigo hannunka ba: ana cire VAT da harajin da ake yankewa tun daga tushe. Bi sawun takardar shaidar wannan yankan, domin da ita za a rage maka harajin ƙarshen shekara.

Hidimar ofis ta haɗa da sabunta takardun rajistar kamfani na CAC, shaidar biyan haraji, takardun PenCom (fansho), ITF (horar da ma'aikata), NSITF (inshorar ma'aikata) da rajistar BPP. Raba ta gwargwadon darajar kowane layi. A shekarun 1980 jaridun Amurka sun yi ta yayata cewa sojojin ƙasar sun sayi guduma ɗaya dala 435. Da aka bi diddigi sai aka ga an raba kuɗin hidima ne daidai-wa-daida a kan kowane layi, ƙaramin kaya da babba kowa ya ɗauki kaso ɗaya. A jimla lissafin bai canza ba, amma gudumar ce kowa ya riƙe. In ka yi haka a nan, ranar da odita ya ga noti ɗaya a N9,000 ba zai saurari bayanin jimla ba.

Akwai kuma layin da wasu suke sakawa a ɓoye, na goron wane da wane. Ba na koyar da lissafinsa. Abin da na sani shi ne daga ingancin kaya ake cire shi, kuma direban da ke kan hanyar daji ne yake biya.

Mataki na takwas: idan mai kayan ɗaya ne tak

Wani kayan ba shi da kasuwa. Kamfani ɗaya ne yake yin sa, ko motar ta tsufa har an daina ƙera kayanta. A nan ba ka da farashi uku, kuma mai kayan ya san haka. Ba mu kaɗai ke fama ba. A 2019 babban mai binciken ma'aikatar tsaron Amurka ya duba kaya 47 da kamfanin TransDigm ya sayar wa sojoji, ya samu riba fiye da kima a 46, har dala miliyan 16.1, kamfanin kuma ya amince ya mayar. A Oktoban 2024 ofishin ya sake gano cewa an sayi abin zuba sabulun wanke hannu na jirgin C-17 a kan ninki fiye da 80 na farashin kasuwa.

Abin yi shi ne ka ƙiyasta abin da ya kamata ya ci. Ɗauki kayan a hannu. Da wane ƙarfe aka yi shi, kilo nawa ne, nawa ake sayar da kilon? Awa nawa mai injin sassaƙar ƙarfe zai yi a kansa? Nemi ɗan'uwansa a motar farar hula mai girma irin nasa, tirela ko katafila, ka ga nawa yake. Ba za ka samu daidai ba, kuma kayan soja yakan fi tsada da hujja, saboda gwaji da takardun shaida da ƙarancin adadin da ake yi. Amma idan lissafinka ya ba ka N200,000 aka ce maka miliyan uku, ka samu abin tambaya: a kawo rabe-raben farashin, a kawo shaidar abin da aka sayar wa wasu.

Tambayi kuma mafi ƙarancin adadin da kamfanin zai yarda ya yi. Idan sai guda 100 kai kuma 12 ake nema a wurinka, ko dai ka sanar da masu buƙata su haɗa odar shekara biyu, ko kuɗin 88 ɗin ya dawo kanka. Wani lokacin gyara ya fi saye: famfon dizal, kikstata da altaneta duk ana farfaɗo da su a garin nan, sai ka sa farashin biyun gefe da gefe masu motar su zaɓa.

Mataki na tara: rufe takardar

Kafin ka miƙa, ba wani wanda bai sa hannu a lissafin ba ya sake ninka adadi da farashi layi-layi. Sifiri ɗaya da ya ɓace a layin taya ya isa ya cinye ribar kwangilar gaba ɗaya, kuma da zarar an buɗe ambulan ba za ka iya canza farashinka ba.

Ga kowane babban layi, haɗa lambar kaya, daraja, takardun farashin da ka samo da ranakunsu, da lissafin fito a fayil ɗaya. A ƙasan takardar farashin kuma nakan rubuta abu huɗu: canjin dalar da aka yi lissafi da shi da ranarsa, kwanakin da farashin zai tsaya, lokacin kawo kaya daga ranar da aka ba da takardar oda, da cewa duk kayan da aka canza lambarsa ko darajarsa bayan haka sai an sake masa farashi. Idan takardar gayyata ta ce dole farashi ya tsaya kwana 90, kada ka yi gardama da ita. Koma wurin ɗan sarinka ka tambaye shi nawa zai riƙe maka kayan har kwana 90 idan ka ajiye wani abu a hannunsa, ka sa ya rubuta ya sa hannu, sannan ka ɗora lissafinka a kan wannan adadin.